Wa zai riƙe kuɗi da tukunya a zangon Disamba?

Shef Ƙarami: Salamu alaikum iyaye da yayye. Na ga tsarin zangon hutun Disamba da aka zagaya da shi: manya su yi cefane, a ɗauko mata biyu daga gari su yi girki, yara su tashi da usur su kwanta da usur. Ku gafarce ni, amma wannan ba sikawut ba ne. Duk zangon da babba ke riƙe da kuɗi da tukunya da tsarin yini, lakwal ce aka ɗaura wa fular. Shawarata ita ce kowane rukuni na yara shida zuwa takwas a damƙa wa shugabansu kuɗin abinci, su shiga kasuwa da kansu, su dafa da kansu, kuma rana ɗaya su yi tattaki babu babba a cikinsu.

Baba Shef: Wa alaikumus salam ɗana. Shugaban rukunin nan da kake faɗi, shekararsa nawa? 14. Yaron da uwarsa ba ta aiken sa da jika biyar sai ta haɗa shi da yayarsa, shi za ka ba abincin mutum takwas na kwana huɗu? In kuɗin ya ƙare rana ta biyu, ni za a kira. Iyaye mu suka ba amana, fuskarmu suka sani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganin sa.

Shef Ƙarami: Baba, Allah shi ƙara girma, ba ni na ƙirƙiro ba. Zangon farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Birawunsi na Ingila, cikin Agustan 1907, yara wajen 20 ne. Ya kasa su rukuni huɗu, kowanne da yaro a kansa. Kowane dare kuma rukuni ɗaya ake auna wa gari da nama da ganyen shayi, a nuna musu wuri gefe, su je su dafa su kwana can. Tun tushe haka abin yake. Mu ne muka maida shi fareti.

Mushe: Ƙanena, tarihinka daidai ne, sai dai wurin ruwa ya kewaye shi. Babu babbar mota, babu ɗan kabu-kabu, babu baƙon da zai ratso. Mu kuwa muna jihar Tahoua, inda Tiliya da Tasara suka daɗe cikin dokar ta-ɓaci. Ko da zangonmu na kudu da gari, duk uban da ya ji an ce yara su kaɗai a daji, can hankalinsa zai fara tafiya. Kasuwa da girki ina bayanka. Tattaki babu babba, ban yarda ba.

Hajiya Uwar Ƴan Mata: Ku maza kuna ta maganar tukunya kamar wata jarrabawar birbe. Ƴan matana tun suna shekara tara suke surfe, suna tuƙa tuwo da goyon ƙanne a baya. In horon zango shi ne kowa ya dafa abincinsa, to ɗiyata ta biya kuɗi ne ta bar aikin gida ta zo aikin gida. Bara ai kun gani: masu girkin suka gaji, aka ce a kira ƴan mata su kama musu, samari kuwa suna ƙarƙashin bedi suna koyon ƙullin igiya da karatun taswira. Duk kuna tsaye, ba wanda ya ce uffan. Ni abin da nake so, samari su sha hayaƙi, su kankare tukunyar da suka ƙona. Ƴan mata za su dafa nasu, wannan ba abin magana ba ne, amma su ma a ba su jakar kuɗi da taswira da usur.

Mai Shago: Baba, a kan kuɗi dai ka yi mini haƙuri, ban bi ka ba. Bakin kasuwa nake wuni. Yarinyar da ke tallar ƙosai ko gyaɗa ta fi wasu manyanmu lissafi, dala ɗaya ba ta ɓace mata, don ta san abin da ke jiran ta gida. Haka yaron da ke tura kura. Waɗanda ba su iya ba su ne ɗiyan da ake kaiwa lakwal a mota, kuma su suka fi buƙatar a saka su. In asara ake tsoro, kada a ba da na kwana huɗu gaba ɗaya. Shinkafa da gero mu saya da buhu, ya fi araha, a auna wa kowane rukuni da tiya. Kuɗin miya kuwa, albasa da tattasai da busasshen kifi, a ba su na yini-yini, kowane rukuni da ma'ajinsa da ɗan littafi. Da dare ya karanta abin da ya kashe gaban ƴan uwansa. Wanda ya sayi biskit da kuɗin miya, duka rukunin za su ci gaya, kuma su za su yi masa faɗan, mun huta.

Baba Shef: In sun ci gaya, yaro zai koma gida ya ce an bar su da yunwa. Ba zai ce ma'ajinsu ya sayi biskit ba.

Mai Shago: Sai mu gaya wa iyaye tun kafin a tashi. Garin rogo da ƙuli suna ajiye wurinmu, babu mai kwana da yunwa. Amma ba wanda za a dafa wa sabuwar miya.

Likita: Ni ku bar ni da ɓangarena. Shinkafa in ta ƙone an yi dariya an wuce. Ruwa ba haka yake ba. A Disamba manyan tabkuna ba su ƙafe ba, kuma yaran birni da sun ga ruwa sai tuɓe riga. Ba sai tabki ya kai na Tabalak yake cin mutum ba. Wanda ya fito lafiya ma yana iya ɗauko tsargiya, bayan wasu makonni uwarsa ta ga jini a fitsari. Shugaban rukuni ɗan 14 ba zai iya hana abokansa shiga ba, in ma ba shi ne na farko ba. Ga kuma hunturu: iska na busar da jiki, yaro bai jin ƙishi, sai ciwon kai ya kada shi. Kowane rukuni da bidonsa, amma ni zan duba inda aka ɗebo. Abin da zan koya wa shugabannin shi ne haɗa ruwan gishiri da sukari in wani ya kama zawo, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan su aiko a kira ni. Su kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, su share ciyawa kewayen murhu. Ƙwayar magani kuwa, ko farasitamol, ba ta shiga hannun yaro.

Baba Shef: Madalla da ɗiyata. Ku da kuke kawo mini Ingila, mu nan Samariya muka gani da idonmu. Zamanin Janar Seyni Kunce, bayan 1974, kowace unguwa da samariyarta. An yi gayya, an gina azuzuwa, an share gari, an dasa itace ran 3 ga Agusta. Mi ya sa aikin ya tafi? Akwai babba a kai. Sarkin samari in ya faɗa, an gama.

Mushe: Baba, ranka shi daɗe, misalin nan naka Shef Ƙarami ya fi taimako. Sarakunan samari da yawa masu furfura ne, umarni kuma daga sama yake saukowa. Da aka shiga siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990, ina samariyar ta shiga? Samari suka koma fada. Ita fada ba hukumar da ta kafa musu. Su suke naɗa shugaba da ma'aji, su tara kuɗin shayi da sukari, su kai wa juna gudummawar biki da suna, wasu har gadin unguwa suke yi. Ga ta nan har yau a kowane lungu na Tahoua da Yamai.

Amma ni tsorona wani ne daban, kuma ba wanda ya taɓo shi. Ina aji kullum. Yaron da aka naɗa shef na aji, aikinsa rubuta sunan masu surutu, wani wurin har bulala ake miƙa masa. Ɗan 14 ɗin nan, mulkin da ya taɓa gani ke nan: bulala, tsallen kwaɗo, durƙuso a rana. Ka ba shi ƙanana bakwai ka ja da baya, ka san abin da zai faru. Ƙaramin cikinsu shi ne ɗebo ruwa, shi ne itace, shi ne wanke-wanke, nama kuma ya tafi kwanon shugaba. Ƙaramin ba zai kawo ƙara ba, don tare za su kwana a tanti ɗaya. Ni na fi tsoron wannan bisa kuɗin miya.

Shef Ƙarami: Yaya Mushe, maganarka ta shige ni. Amma maganinta ba ƙwace ragamar ba ne. Mu ɗauki shugabannin da mataimakansu Asabar biyu kafin zango, mu zama rukuni ɗaya da su, ni ne shugabansu, su ga ina ɗaukar bido ina wanke kwano. Aiki ya zama na karɓa-karɓa, a rubuce, a maƙale jikin tanti, sunan shugaba a ciki kamar na kowa. Kowane dare shugabannin su zauna majalisa da mu, su faɗi yadda yini ya wuce, su tsara na gobe. Wanda ya ɗaga hannu a kan yaro a sauke shi nan take. Kuma yara su zaɓi shugabansu da kansu, na wata shida.

Baba Shef: Zaɓe? Mai ƙwallo za su zaɓa, ko mai waya, ko ɗan Alhajin da ke saya musu yawut.

Hajiya Uwar Ƴan Mata: Mu da muke naɗawa, Baba, wa muke naɗawa? Wanda ya zo na ɗaya a aji, mai Faransanci a baki, mai cikakken kaki. Akwai yaro a rukunin ƙanana da ya tashi wajen kiwo kafin a kawo shi birni. Ya san gabas cikin dare, ya san itacen da ke hayaƙi da wanda ba ya yi, ya san ba a saran gawo. Ba mu taɓa tunanin sa ba don rigarsa aro ce. Yaran kuwa in an shiga daji bayansa suke bi. Kuma tunda an taɓo kaki, lokacin Tahoua Sakola, bikin ranar Jamhuriya, a 2017 makonni muka kwashe muna koya wa yara taku a rana don manya su tafa. Ba wanda ya ce sun yi ƙanƙanta a lokacin.

Likita: A kan abin da Mushe ya faɗa, ku tuna ƙungiyar sikawut ta duniya ta amince da manufar kare yara daga cutarwa a taronta na Baku a 2017, kuma cutarwar da ake nufi har da wadda yaro ke yi wa yaro. Har da wadda mu manya ke yi ma. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ba su yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro ba, sai su biyu. Tantin manya ya kasance daban amma inda za a ji kira, ɓangaren ƴan mata mata ne a kusa, kuma kowane yaro ya san mutum biyu da zai iya gaya wa damuwarsa ba tare da ya bi ta kan shugaban rukuni ba. Tattakin ma haka: manya biyu su bi su a baya, inda ido ke kaiwa, bakinsu a rufe. Ba sa magana sai an nufi tabki ko kwalta.

Shef Ƙarami: In sun san muna baya, kowane mararraba sai sun waiwayo. Ba su yanke komai ba ke nan.

Mushe: Su waiwayo. Sau biyu za su waiwayo su ga ba a tanka ba, na uku taswira za su duba.

Baba Shef: Ni dai in na ga yara sun saki hanya ba ni iya yin shiru.

Hajiya Uwar Ƴan Mata: Shi ya sa ba kai za ka bi su ba, Baba. Kai ka zauna zango ka tsare mana garin rogo.

Baba Shef: Allah shi shirye ki Hajiya. To ku ji nawa. Kasuwa da girki na sakar muku, bisa tsarin Mai Shago, kuɗin ko-ta-kwana kuma a aljihuna. Tattaki kada ya wuce kilomita biyar, da rana, manya biyu a baya, a sanar da mai garin wurin da jandarmomi tun kafin mu sauka. Duk wannan a rubuta wa iyaye da Hausa da Faransanci, a kira su a karanta musu, wanda bai yarda ba ɗansa ya zauna kusa da ni. Zaɓe kuwa ban yarda ba, kuma a taronmu na ran Asabar hannuna zai tashi a kan ƙi.

Shef Ƙarami: Na gode Baba. Rakiyar nan har yanzu ba ta kwanta mini ba, amma bana zan bi. Zaɓen kuma zan kawo shi Asabar, a ƙirga hannuwa.

Mai Shago: A ƙirga. Nawa na wajenka, na Mushe ne ban sani ba.

Mushe: Sai na ga takardar karɓa-karɓar da sunan shugaba a layin wanke-wanke.

Likita: Kafin ku kai ga ƙirga hannu, kowane shef ya turo mini sunayen yaransa masu amosanin jini, da masu asma, da masu farfaɗiya, kafin Alhamis. Mai amosanin jini sanyin dare da ƙarancin ruwa ke tayar masa da ciwo, don haka da bargonsa zai zo, kuma sai na zauna da uwarsa kafin a sa shi cikin masu tattaki.