Me ya sa ba a cewa "foots" da "childs" a Turanci?

Maman Ummi, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Malaman Turanci, ku agaza min. 'Yata tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, an koya musu cewa abu in ya wuce ɗaya sai a liƙa masa "s". Ita kuwa ta riƙe kam. Jiya ta dawo da littafinta jajir da biro: "foots", "childs", "sheeps", duk an kashe, ba a rubuta dalili ba. Ni Turancina na cefane ne. Akwai ƙa'ida, ko hadda kawai ake yi?

Tsohon malami, Fagge:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Hadda ce, amma gida-gida ake yin ta, kada ki tara mata su wuri ɗaya.

Gidan da ya fi ba yara wuya shi ne na masu sauya wasalin tsakiya, kuma bakwai ne kacal: man/men, woman/women, foot/feet, tooth/teeth, goose/geese, mouse/mice, louse/lice. Tsofaffin kalmomi ne, sun haura shekara 1000 a bakin mutanen Ingila. Can da, jam'insu yana da wasalin "i" a ƙarshe, shi ya janyo na tsakiya ya sauya, daga baya ya faɗi ya bar sawunsa. Shi ya sa ba sa ƙaruwa. Sabuwar kalma in ta shigo, "s" take ɗauka.

"Children" kuwa jam'i biyu aka ɗora masa: da "childer" ne, aka sake ƙara "en" irin na "oxen". Sheep da deer ko gezau, ɗaya ko ɗari.

Ɗan Kwari:
Malam, ai Bature ya yi mana sauƙi! Doki dawaki, akuya awaki, saniya shanu, mace mata. Hajiya, wa ya taɓa zaunar da Ummi ya hana ta cewa "saniyoyi"? A tsakar gida ta ji. Ki sa ta riƙa karanta labari da ƙarfi, kunne zai kama.

Ɗalibar BUK:
Baba Malam, ka manta tarkon WAEC. Knife knives ne, leaf leaves, amma roof da chief "s" kawai suke ɗauka. Sai waɗanda ba a jam'inta su sam: furniture, luggage, equipment, information. Ka duba allunan shagunan kujeru a garin nan, "furnitures" ɓaro-ɓaro da jan fenti, yara na wucewa suna kwafa. Wannan ya fi "foots" cin maki.

Maman Ummi, Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. To "fish" fa? Na ga "fishes" a littafin kimiyyarta.

Tsohon malami, Fagge:
Tarwaɗa goma a kwando ɗaya, "fish" ne. In ana nufin iri daban-daban, tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, a nan "fishes" ya halatta.