Neman shawara: takardar tambayoyi ko hira da yara?

Ɗalibar Masta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Bincikena a kan yadda tallafin gida ke shafar karatun yara ne, 'yan shekara 6 zuwa 8. Mai duba aikina ya ce in raba musu takardar tambayoyi, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da hira. Don Allah wanne zan ɗauka?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ɗan shekara shida da takardar tambayoyi? Wa zai karanta masa?

Tsohon Malami: Ƙanwata, bari ki ji abin da ya same ni. Na taɓa shiga wani aji da takardun nan, malamar ajin ta ce za ta taya ni. Ta tsaya gaban allo tana karanta tambayoyin da ƙarfi. "Ana taya ku aikin gida?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Eh!" Ina kallon wani yaro a layin baya, ya riƙe fensir ya yi shiru, ya leƙa takardar na kusa da shi, sannan ya sa alama inda ya ga an sa. Da na zauna shigar da amsoshin a kwamfuta sai na ga kamar hannu ɗaya ya cike su duka. Wallahi ranar ban iya barci ba, wahalar makonni ta tashi a banza.

Na koma, na zauna a ƙasa da yaran uku-uku, ba malama a wurin. Na ce kowa ya zana min abin da yake yi daga tashi makaranta har ya kwanta. Yaron nan ya zana kansa da ƙaninsa, babu littafi ko ɗaya. Na ce ina karatun? Ya ce yayarsa ce ke koya masa, amma kafin ta gama aiki barci ya kwashe shi. To ni a takardata uwa da uba kawai na rubuta. Yaya ba ta da gurbi sam.

Dakta: Malam, abin da ka gani tsohon zance ne a fagen nan. A 1980 wasu masu bincike, Hughes da Grieve, sun yi wa yara tambayoyi marasa kan gado, irin su ko ja ya fi rawaya nauyi, kuma yawancinsu suka amsa. In babba ya yi tambaya, yaro gani yake dole ya ce wani abu. Ki rage tambayar eh ko a'a, ki gaya masa tun farko cewa "ban sani ba" ma amsa ce. Kada kuma ki maimaita tambaya, zai zaci ya yi kuskure ya sauya.

Mai Lissafi: Duk na ji, amma zanen yara goma ba zai sa a ware kuɗin tallafa wa iyalai ba. Ku dubi binciken Jamaika. Yara 129 masu tsumburewa a Kingston, daga 1986, aka raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Wasu ana ziyartar gidajensu duk mako har shekara biyu ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da su. Bayan shekara 20 abin da suke samu ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Wannan ita ce hujja.

Maman Biyu: Shekara ashirin! Ranka ya daɗe, so kake ta karɓi shaidar masta da jikoki? 😂

Tsohon Malami: Alƙaluman naka da wace tambaya aka tara su? In tambayar ta karkace, ko yara dubu ka tara karkatacciyar amsa za ka kwasa.

Mai Lissafi: Kai ma yaro ɗaya ka kawo mana, Malam.

Admin: Jama'a, a dawo kan tambayar baiwar Allah.

Ma'aikaciyar Jin Daɗi: Ni abin da ya dame ni ba wanda ya ambaci izini. Ki samu amincewar iyaye a rubuce, sannan ki tambayi yaron shi kansa, in ya ce ba ya so ki ƙyale shi. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba shi damar a ji ra'ayinsa. Kuma kada ki yi masa alkawarin rufe duk abin da ya faɗa. In ya ce ana cutar da shi a gida fa? Ki san wa za ki sanar tun kafin ki fara.

Dakta: Takardar tambayoyin a ba iyaye da malamai. Akwai wata shiryayyiya da ake kira SDQ, ta Robert Goodman, tambaya 25 ce kacal.

Mai Lissafi: Dakta, ai wannan halayyar yaro take aunawa. Ɗalibar nan kuwa yanayin gida take nema, takardar auna yanayin gida da ake kira HOME, ta Caldwell da Bradley, ta fi dacewa.

Dakta: Gaskiyarka. Sai dai HOME sai an shiga gida an zauna an lura, tana da lokacin?

Ɗalibar Masta: Wata huɗu gare ni. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ke nan takarda ga iyaye, zane da hira ga yara? Yaya zan shawo kan mai duba aikin?

Maman Biyu: Yauwa Malam, da waya ka naɗi muryoyin ko da rikoda? Nawa biyun da sun ga waya shi ke nan, hira ta ƙare.