Injin niƙa yana juyawa baya idan na tada gurup, da kuran kuma lafiya lau

Mai Niƙa Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masu aikin kuran don Allah ku taimaka mini. Ina da injin niƙa nan cikin Damagaram, moter ɗin tirifaze ne, wato mai faz uku (wayoyin wuta uku), mai kilowat 7,5, shekara huɗu ina aiki da shi ban taɓa samun matsala ba. Bana na daure na sayi gurup, wato janareto, na hannu mai kVA 20 saboda in ba wuta mata su daina zaman jira da kwanonin gero har azahar, wani yaro ya haɗa mini shi da anverser, abin nan da ke sauya shago tsakanin gurup da kuran. Jiya da safe muka gwada, ina kunnawa sai na ga bel yana tafiya ta baya, hatsi ba ya shiga sai tsalle yake a baki, ƙarar ma ba irin wadda na saba ba, na yi maza na kashe. Da wuta ta dawo na maida kan kuran ya yi aiki daidai kamar kullum. Yaron ya auna da mita ya ce volt 380 ne ko'ina, shi bai ga laifi ba. To gurup ɗin ne ba shi da kyau aka sayar mini, ko moter ɗin ne zai ƙone?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Maigida abu mai sauƙi ne, buɗe akwatin bayan moter ka musanya waya biyu cikin ukun nan, zai dawo daidai. Gurup ɗinka ƙalau yake.

Tsohon Elektrisiyen:
Ɗan Birni ka faɗi rabin gaskiya, amma Malam mai niƙa kada ka taɓa bayan moter. In ka musanya a can, gurup zai juya daidai, kuran kuma ya koma yana juyawa baya, ka ga ka ɗauke matsala daga wannan ɗaki ka kai wancan. Inda za a gyara shi ne wayoyin da suka fito daga gurup suka shiga anverser, nan kaɗai.

Bari in yi maka bayani yadda zan yi wa yaran shagona. Faz ukun nan, L1, L2, L3, kowanne ƙarfinsa ɗaya ne amma ba sa kaiwa ƙololuwa lokaci guda, bi da bi suke, tsakanin kowanne da na bayansa digiri 120, kuma ana zagaye wannan sau 50 a daƙiƙa tunda layinmu hertz 50 ne. Ka tuna mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, ta farko ta sauke taɓarya, ta biyu ta bi, ta uku ta bi. In biyu daga cikinsu suka canza wurin tsayuwa, dakan bai ragu ba amma zagayen ya koma ta ɗaya hannun. Haka abin yake cikin moter, maganaɗisun da ke cikin naɗin yana zagayawa ne bisa jerin da faz suka shigo, shi kuma rotor, ɓangaren da ke juyawa, binsa kawai yake. Shi ya sa mitar yaron ba ta nuna komai ba. Ita abin da ta sani 380 tsakanin faz da faz, 220 tsakanin faz da nutur (waya ta huɗu da wuta ke komawa ta cikinta), ba ta san wa ya riga wa ba. Akwai ƙaramar na'ura ta musamman mai waya uku da ke nuna jerin, dama ko hagu, duk mai aikin tirifaze ya kamata ya mallake ta.

Sannan biyu za a musanya, biyu kawai. Na sha ganin yaro ya kwance ukun duka ya matsar da kowacce gaba ɗaya, ta 1 ta koma 2, ta 2 ta koma 3, ta 3 ta koma 1, ya kunna ya ga ba abin da ya sake, ai jerin bai canza ba. Kuma kada a yarda da launin waya ido rufe. A ƙa'ida shuɗiya nutur ce, mai kore da rawaya ta ƙasa ce, faz kuma ruwan ƙasa da baƙa da toka-toka ko ja a tsohon aiki, amma a garin nan sau nawa muka buɗe tabulo muka tarar waya huɗu duk baƙaƙe. Idan aka yi kuskure nutur ya shiga gurbin faz, ƙwan fitila da caja da kayan 220 da ke kan sauran faz biyun 380 za su sha.

A kashe gurup, a sauke disjonkter, wato abin yanke wuta, na kuran, a auna a tabbata ba wuta kafin a sa hannu. Kuma ka duba mini anverser ɗin nan, ya zama mai yanke huɗu duka har nutur, wanda ba yadda za a yi gurup da layi su haɗu. In wutarka ta koma kan layi, ma'aikacin NIGELEC da ke bisa poto yana ganin an yanke, kai ne za ka halaka shi.

Mai Garka Mirya:
Wallahi da na san wannan bara da ban yi asara ba. Ku naku ma da sauƙi kuna ganin bel da ido. Ni famfon rijiyar garkata yana can ƙasa cikin ruwa, bayan an sake mini kabul sai ruwa ya dawo siriri kamar na buta, kwana kusan ashirin ina cewa rijiya ce ta ja baya, salati da tumatir duk suka yi yaushi, har na fara neman masu ƙara zurfi. Wani dattijo ya zo ya musanya waya biyu a tabulo, ruwa ya ɓalle har tiyo yana fizgewa daga hannun yarona. Ashe famfo ko yana juyawa baya yana ba da ruwa kaɗan, shi ke ruɗin mutum.

Maman Yara:
Sannunku da ƙoƙari. Ni nawa ƙaramin injin markaɗe ne na gida mai 220, tun da aka sake naɗa shi yake juyawa baya, na juya filogi sama da ƙasa bai canza ba. Shi kuma fa?

Tsohon Elektrisiyen:
Hajiya naki daban ne. Monofaze faz ɗaya ne da nutur, ba wani jeri a ciki, ko sau ɗari kika juya filogi haka zai tafi. Cikinsa naɗi biyu ne, babba na aiki da ƙarami na tashi wanda ke tare da kondansater, su ke zaɓar hannun da zai bi. Bakin waya biyu na ƙaramin naɗin za a juya. Maida wa wanda ya naɗa, aikin minti goma ne, kuma kada yara su taɓa kondansater ɗin ko an cire filogi, yana riƙe wuta.

Mai Niƙa Sabon Gari:
Alhamdu lillahi Baba, Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya. Na kira yaron na karanta masa bayaninka, muka kashe komai ya musanya biyu a gefen gurup, yanzu ko'ina dama yake juyawa, tiya goma sha biyu na niƙa da gurup yau. Anverser ɗin mun duba mai huɗu ne. Saura abu ɗaya, lokacin tashi gurup yana nishi sosai har fitila ta dushe kafin ya miƙe.

Tsohon Elektrisiyen:
Amin. Wannan moter yana aiki da amper wajen 15, amma wurin tashi kai tsaye yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na haka, dole gurup ya yi nishi. Ka riƙa tada shi injin ba hatsi a ciki. Sannan ɗauko mini hoton farantin da ke jikin moter ɗin. In an rubuta 380/660 ana iya sa masa tashi na etuwal-tiriyangil, wato ya tashi da haɗin etuwal sannan ya koma haɗin tiriyangil, ya rage jan nan zuwa kashi ɗaya cikin uku, in kuwa 220/380 ne ba zai yiwu ba a layinmu, sai mu nemi wata dabara. Ka goge ƙurar garin da kyau kafin ka ɗauka, lambobin ƙanana ne.