Neman shawara: kwamfutar marigayi Babanmu ta ƙi tashi, kuma hotunan gida duk suna ciki

Mai tambaya, Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata ta tebur, irin mai akwati daban monita daban, Pentium 4 mai Windows XP. A cikinta yake juye hotunan kyamararsa: sunan ƙannena, bikin Yayarmu, hawan sallah a Kano, tafiyarsu Hajji shi da Mama. Ta yi shekaru a ɗakin ajiya ba wanda ya taɓa ta. Jiya ƙanena ya jona ta, fanka ta juya, ta yi ta ƙarar "tit tit tit", amma monita bai nuna komai ba. Mama tana ta tambayar hotunan nan, yarana kuma ba su san fuskar kakansu da ƙuruciya ba. Ta yaya zan fitar da su? Kuma ko za ta gyaru yara su riƙa koyon buga rubutu a kanta? Wani maƙwabci ya ce in kai ta Computer Village a sake mata Windows.

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Kada a sake kunna ta, kuma kada ki yarda kowa ya sake mata Windows. Mai gyaran da ke cikin sauri goge faifan zai fara yi kafin ya ɗora sabo, hotunan su tafi. Hotunan nan ba sa bukatar kwamfutar ta tashi. Suna kan faifan ajiya, shi za a ciro a karanta a wata na'ura mai lafiya. Gyaran akwatin ya biyo baya.

A zare wayar wuta daga bango, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 don sauran wutar ciki ta sauka. A kwance sukurori biyu na baya, a zame murfin gefe. Kafin hannu ya shiga a taɓa ƙarfen akwatin. Faifan shi ne ƙarfe mai faɗin inci 3.5, yana da nauyi, da takarda a bayansa mai suna kamar Seagate, Maxtor, Western Digital ko Hitachi. A ɗauki hoton yadda wayoyinsa suke da waya kafin a zare komai.

Sai ki duba irinsa. In waya mai faɗi ce kamar ɗamara, yawanci ruwan toka, IDE ne: allurai layi biyu a mazaunin 40, da filogin wuta fari mai ramuka 4. In kin ƙirga kin ga allura ɗaya babu a tsakiya, haka aka ƙera shi, ba karyewa ta yi ba. In kuwa siririyar waya ce mai baki kamar harafin L, SATA ne. A zamanin Pentium 4 an yi duka biyun. Ta IDE a kama kan filogin a ja a miƙe, kada a girgiza, allurai na lanƙwashewa.

Abin da za ki saya shi ne adaftar USB mai karɓar IDE da SATA, ana samu a Otigba, wato Computer Village, da kasuwar Alaba. Ki tabbatar tana da tata cajar wuta mai ba da volt 12 da volt 5. Faifan tebur ba ya juyawa da wutar USB kaɗai, wannan sai na laftof mai inci 2.5. A nan mutane da yawa suke yanke hukunci faifai ya mutu, alhali wuta ce ba ta ishe shi ba.

Malamin kwamfuta, Idi-Araba

Allah ya gafarta masa. Na yarda da Injiniya, zan ɗora daga inda ya tsaya.

In IDE ne, akwai wani ɗan marfin roba a kan ƙananan allurai, tsakanin mazaunin waya da na wuta. Zanen da ke jikin takardar faifan ya nuna inda ake sa shi. A mayar da shi kan Master, domin wasu adaftoci ba sa ganin faifan da ke kan Slave ko Cable Select. A kwantar da faifan a kan tebur na katako, a fara ba shi wuta, a saurara. Mai lafiya zai ɗauki gudu ya zauna da ɗan gurnani a hankali. In ya zauna, sannan a soka USB a laftof. Kada a ɗaga shi ko a motsa shi yana juyawa.

In kika ji "ƙwas, ƙwas, ƙwas" a jere, ko ƙarar karce, a kashe nan take. Hannun da ke karanta faifan ne yake kasa kama hanya, kuma kowane ƙarin minti yana iya ƙara lalata fuskar da hotunan suke kai. Kada a buɗe shi, kada a buga shi, kada a sa shi a firiza kamar yadda wasu ke faɗa. A damshin Legas ruwa ne zai taru a kansa da an fito da shi. Wannan aikin masu ceto bayanai ne da ke da ɗaki marar ƙura.

In Windows ya fito da saƙo cewa sai an yi Format kafin a yi amfani da faifan, a danna Cancel. Ki gaya wa ƙanenki wannan da babbar murya.

In ya buɗe, a XP hotuna suna cikin Documents and Settings, sai sunan da Baba yake shiga da shi, sai My Documents, sai My Pictures. A duba Desktop, da All Users inda Shared Documents yake. Masu gyara na wancan lokaci suna yawan raba faifai gida biyu, C da D, dattawa kuma D suke zuba kayansu, don haka a leƙa. Windows na yanzu zai ce ba ki da izinin shiga foldar, a danna Continue a jira. Ni na fi son a tayar da laftof ɗin da Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, daga filash, domin shi ba ya tsayawa kan wannan izini kuma ba ya sauya komai a foldar.

Kada a tsaya zaɓen hoto ɗaya-ɗaya ana kallo. A kwashe foldar gaba ɗaya tukuna, kallo daga baya. Faifan zamanin bai cika wuce gigabait 40 zuwa 160 ba. In kwafin yana tsayawa a wuri ɗaya, akwai gurbin da ya lalace. A nan sai a yi amfani da manhajar ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren lafiya sannan ta dawo kan masu wuya. In foldojin sun ɓace gaba ɗaya, manhajar PhotoRec na tono hotuna, sai dai tana dawo da su ba sunayensu na asali. Duk abin da aka tono a ajiye shi a wani faifai dabam, ba kan na Baba ba.

A yi aikin da laftof mai cikakken caji, cajar adaftar kuma a kan UPS ko inbata. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar karatu ba ta yi wa tsohon faifai daɗi.

Mai ɗaukar hoton biki, Obalende

'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Maganata kan bayan an fitar ne. Kada ki bar su a filash ɗaya ki ce an gama. Filash na jabu sun yi yawa a kasuwa: a rubuta gigabait 64 a jiki, cikinsa bai kai 8 ba, ya nuna miki ya karɓi komai, ranar buɗewa ki tarar hotunan sun lalace. A gwada shi da manhajar H2testw kafin a zuba masa komai. Ki yi kwafi uku: ɗaya a laftof, ɗaya a faifan waje da za a aje a gidan wani ɗan'uwa, ɗaya a intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma hotunan kyamarorin wancan zamani ƙanana ne.

In za ki tura wa dangi ta WhatsApp, ki tura a matsayin Document, in ba haka ba zai matse su, ranar da za a wanke babba sai fuska ta dagule. Ita kuwa Mama, a zaɓo kamar 50 a wanke mata a kati a sa a albam. Ya fi mata sauƙi a kan leƙen waya.

In ta kama sai an kai wa mai gyara, faifan kaɗai za a kai, da naku abin zubawa, kuma ƙanenki ya zauna har a gama. Hotunan cikin gida ne, akwai na mata ba mayafi. Ya tabbatar ba a bar kwafi a kwamfutar shago ba.

Mai tambaya, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun buɗe. Waya mai faɗi ce, gigabait 80. Ciki akwai ƙura da kashin kyankyaso, sukurori sun yi tsatsa. Kusa da babbar fanka akwai wasu abubuwa kamar ƙananan gwangwanaye, biyu kansu ya kumbura da wani abu ruwan ƙasa a sama. Mun kuma sami faya-fayan CD da rubutun hannun Baba. Gobe za a sayo adaftar. Shi akwatin fa, Injiniya?

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja

Kafasitoci ne, Hajiya. Mai lafiya kansa a shafe yake. Kumburi da wannan tsatsar alama ce sun mutu, kuma ciwo ne da ya addabi madabod, wato babban allon da kayan ciki ke zaune a kai, na farkon shekarun 2000. Su ne ke daidaita wutar da ke shiga firosesa, in sun lalace sai kwamfuta ta ƙi tashi ko ta riƙa mutuwa da kanta. Mai gyaran rediyo ko talabijin zai iya canza su. A karanta lambar jiki, misali 1500µF 6.3V, a sa mai wannan awon, volt ɗinsa daidai ko sama da haka, mai jure zafin digiri 105, irin na madabod. A kula da ɓangaren da ke da zane, shi ne ƙafar ragi, wato negatib. In an juya shi fashewa zai yi. A canza duk na layin, ba biyun kaɗai ba.

Ƙarar da ta yi kuwa alama ce mai kyau, firosesa na da rai. Ma'anar ƙarar ta danganta da kamfanin BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, amma a injin da ya daɗe a ajiye RAM ake fara zargi, wato ɗan siririn allon nan da ke soke a madabod. A buɗe maƙallai biyu na gefe, a ciro shi, a goge haƙoran zinariyar da abin goge fensir, a share da ƙyalle mai ɗan sifirit, a bari ya bushe, a mayar har maƙallan su kama da kansu. In guda biyu ne a gwada ɗaya-ɗaya. Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai volt 3, tabbas ya mutu, a canza shi, a shiga BIOS a gyara kwanan wata. A share ƙura da burushin fenti busasshe da bulowa, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta. A cire ƙarfen sanyaya firosesa, a goge tsohon man da ya bushe, a ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya. Pentium 4 na da zafi sosai. A bar akwatin a buɗe kwana ɗaya ko biyu a ɗaki mai iska kafin a ba shi wuta.

Ki duba bayan fawa-fak, wato ɗan akwatin da wayar wuta ke shiga. Wasu na da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce, in hannu ya tura shi 115 wajen shara, ƙonewa zai yi nan take. Shi fawa-fak ɗin kada a buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko an zare shi. In ana shakkarsa a sa wani.

Malamin kwamfuta, Idi-Araba

A nan na ɗan saɓa da Injiniya. Ta gyaru, amma a yi lissafi kafin a kashe kuɗi. Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014, bai dace a haɗa ta da intanet ba, kuma burauzocin yanzu ba sa hawa kanta. Tana cin wuta ninkin laftof sau da yawa, balle in monitan mai ƙeya ne. In don aikin makaranta ne, tokumbo Core i5 mai RAM gigabait 8 da SSD ya fi.

In kuwa don yara su taɓa abin kakansu ne, su koyi kibod, su buga Solitaire da Pinball, su yi zane a Paint, to ta isa, kuma rashin intanet ɗin ma kwanciyar hankali ne gare ki. Sharaɗina ɗaya: a nemo wani faifan IDE a ɗora mata Windows a kai. Na Baba a sa shi a leda mai zif da 'yan ƙullin silika, a aje a sama cikin durowa.

CD ɗin kuma kada a jinkirta su. Waɗanda aka ƙona a gida suna lalacewa da zafi da damshi. A goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, a karanta da abin karanta DVD na USB. Wanda ya ƙi buɗewa a gwada shi a wata na'ura kafin a fid da rai, kuma a fara da waɗanda gefensu ya soma canza launi.