Tambaya: koya wa yaran talakawa kiɗa yana canja musu rayuwa da gaske kuwa?

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai ƙungiyoyin agaji da aikinsu kawai shi ne su tara yaran da iyayensu ba su da hali su koya musu kiɗa kyauta, su ba su kayan kiɗan, su biya malamai. Ina son in riƙa tallafa wa irin wannan aikin da ɗan abin da Allah ya hore min amma zuciyata ta rabu biyu, yaron da ko kuɗin littafi babu, ba gara a biya masa makaranta ko a koya masa sana'a ba? Don Allah wanda ya san harkar ya faɗa min gaskiya, me kiɗa ke ƙara wa yaro, kuma ya ake gane ƙungiyar da ke aiki da wadda hoto kawai take ɗauka?

Malam_Tukur:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Yawancin masu wannan aikin a yau daga Benezuwela suka kwaikwaya, shirin da ake kira El Sistema. José Antonio Abreu ne ya fara shi a 1975, masanin tattalin arziki ne kuma makaɗi, ya fara da matasa 11 a garejin ajiye motoci a Karakas, daga baya gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya bazu ƙasar gaba ɗaya. Daga nan Gustavo Dudamel ya fito, wanda a 2009 ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Los Angeles a Amurka. A Sikotilan ma sun buɗe irinsa a 2008 a wata unguwar marasa ƙarfi mai suna Raploch, suna kiransa Big Noise.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne yadda ake koyarwar. Ba a ware yaro shi kaɗai a ɗaki da malami, tun farko ana sa shi cikin taron makaɗa, ya zo bayan an tashi makaranta kusan kullum, ya zauna a kujerarsa, in ya yi latti ko bai yi bita ba kowa zai ji giɓinsa a cikin sautin. Dole ya saurari na kusa da shi, dole ya jira lokacin shigarsa, wanda ya ɗan iya kuma ya koya wa na ƙasa da shi. Yaron da a gida da unguwa babu mai tambayar ina ya shiga, yau ga mutum talatin ko arba'in suna jiransa kafin su fara, wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar yaro.

Binta_K:
Malam na yarda da kai a kan tarbiyyar amma a faɗa wa Hajiya ɗaya ɓangaren ma. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya yi bincike a kan El Sistema ɗin kanta, an fitar da sakamakon a 2017, yara kusan 3,000 'yan shekara 6 zuwa 14, aka ba wasu gurbi nan take wasu aka jinkirta musu shekara guda don a gwada. An ga yaran da suka shiga sun fi iya kame kansu, rigima ta ragu, musamman yara maza da suka taso cikin tashin hankali. Amma ba a ga wani ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa ba, don haka duk wanda ya ce miki kiɗa zai sa yaro ya zama gwanin lissafi ki bi maganarsa a hankali.

Abin da ya fi damuna a binciken, kashi 17 cikin 100 ne kacal na yaran suka fito daga gidajen talakawa, alhali talaucin jihohin da suke ya ninka haka nesa ba kusa ba. Dalilin kuma a fili yake, kyauta ake koyarwa amma wa zai kai yaron ya dawo da shi, wa zai cike fom, wa zai bar shi ya zauna awa uku yana bita alhali ana buƙatar ya fita neman na taimakon gida ko ta zauna rainon ƙanne? Masu ɗan hali su ne ke cinye gurbin. Shi Dudamel ɗin ma gidan kiɗa ya taso, mahaifinsa mabushi ne, mahaifiyarsa malamar waƙa.

Sagir_mai_gita:
Anti Binta gaskiya kika faɗa, shi ya sa ni na fi ganin ƙimar waɗanda suka kai makarantar har cikin unguwar. Dubi Ghetto Classics a Kenya, Elizabeth Njoroge ta kafa shi a Korogocho ta Nairobi, dab da babbar bolar Dandora, yaro da ƙafa zai taka ya je. Ga Buskaid a Soweto ta Afirka ta Kudu da Rosemary Nalden ta buɗe a 1997, har yau suna nan kuma wasu cikin ɗaliban farko su ne suka dawo suna koyarwa. A Cateura ta Faragwai kuma da babu kuɗin sayen kaya, Favio Chávez da wani kafinta suka riƙa haɗa kayan kiɗa da gwangwani da duro da cokula da aka tsinto a bola.

Wani abu da masu ba da tallafi ke mantawa, kowa so yake ya sayi sabon kayan kiɗa a ɗauki hoto, babu mai son biyan albashin malami ko kuɗin gyara, alhali tsirkiya tsinkewa take yi, kayan busa na toshewa, malamin da ba a biya ba kuma wata uku ya yi gaba, yaran da suka saba da shi su watse. Kuma ba dole sai kiɗan Turawa ba, makarantar kiɗa ta ƙauyen Kirina a Mali kayan kiɗan gargajiya irin su kora da balafon da ganguna take koyarwa, kayan da ake iya gyarawa a wurin kuma iyaye sun san su.

Ummu_Safiyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar kashi 17 ɗin nan ta tsaya min a rai. To in na je wurin ƙungiya me zan tambaye su takamaimai?

Binta_K:
Hajiya ki fara da yadda suke zaɓar yara, su suke shiga gida gida su nemo ko jira suke a kawo musu. Ki ce su nuna miki rajistar zuwa, yara nawa cikin waɗanda suka fara shekara uku da suka wuce suke nan har yanzu, kuma in yaro ya daina zuwa akwai mai bin sawunsa? Ki tambaya ko suna sa ido a kan karatunsa na makaranta, don masu aikin kirki tare suke tafiya da malamansa ba sa cire shi daga aji saboda wasa. Sai wanda ba na wasa da shi ko kaɗan, tsaron yaran, ana bincikar malami kafin a ɗauke shi, ana barin babba shi kaɗai da yaro a rufe, yarinya in an cuce ta wa za ta gaya wa? In suka amsa miki waɗannan ba tare da kame-kame ba, ki ce kuɗinki na albashin malami ne ko na gyaran kaya, kuma ki riƙa bayarwa wata wata ko kaɗan ne, don su san abin da za su dogara da shi kafin su ɗauki sabbin yara.