Ƙari a jijiyar kunne: ta yaya zan san ko girma yake yi?

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aka gano ƙari a jijiyar kunnena na hagu. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, a bar shi, a riƙa duba shi da hoton MRI. Hoton farko da na biyu milimita 11, na bana 12. Shi ya ce girma ne. Na kai wa wani likitan hotunan, ya ce bambancin da bai kai milimita 2 ba kan iya zama kuskuren awo.

Ni dai ƙugin kunnen ya ƙaru, in an kira ni a waya sai na mayar kunnen dama. Gwajin ji ma ya nuna raguwa.

Don Allah, raguwar jin nan alama ce ƙarin zai ci gaba da girma?