Fankar laftof ɗina ta ƙi yin shiru

'Yar Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka mini. Laftof ɗina mai Ubuntu 22.04 ce, ko ban buɗe komai ba fanka sai ihu take, ƙasanta ya yi zafin da ba na iya ɗora ta a cinya. Batir ma yanzun nan ya ƙare. Ga furojet ɗina duk a ciki.

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Ƙura ce, ki kai a hure miki.

Mai Gyara na Kawo: Kar ki kai ta ko'ina tukuna, ƙanwata. Ki danna Ctrl da Alt da T tare, baƙin allo zai fito, ki rubuta top, zai jero miki abubuwan da ke cin furosesa. Faɗa mana sunan da ke layin farko da lambar da ke gefensa a ƙarƙashin %CPU.

'Yar Unguwar Rimi: Yaya, tracker-miner-f ne a sama, 98. Can kuma sai tracker-extract ya hau kansa.

Ɗan Rigasa: To bairos ne ke nan.

Mai Gyara na Kawo: Ba bairos ba ne. Na GNOME ne, wato fuskar Ubuntu da kike gani a allo, tare suke zuwa. Aikinsa ya bi fayilolinki ɗaya bayan ɗaya yana haɗa fihirisa, don in kin nemi abu ya fito nan take. Kuma 98 ɗin nan na ƙwaya ɗaya ce a cikin furosesa, mai ƙwaya huɗu tana iya nuna har 400. Kin zuba kaya masu yawa kwanan nan?

'Yar Unguwar Rimi: Eh, na kwafo littattafan PDF daga filashin wata ƙawata, folda guda cike.

Mai Hoto na Barnawa: Ku bari in ba ta labarina, don abin nan ya ci mini kuɗi ya kuma ja mini jin kunya. Ni Kubuntu nake amfani da shi, wani nau'in Ubuntu ne, mai haɗa fihirisa namu sunansa baloo, amma halinsu ɗaya. Tawa ta fara wannan ihun ne ana tsakar lokacin bukukuwa. Na kai wa wani mai gyara a cikin gari, ko kunna ta bai yi ba ya ce fanka ce ta mutu. Aka sauya fanka, aka shafa sabon man sanyaya furosesa, na biya. Na koma shago, ihu na nan. Na mayar masa ya ce sai fomat. Na roƙe shi da girman Allah ya kwafe mini komai kafin ya taɓa, ya ce an gama. Da na karɓa, foldar hotunan sunan wata baiwar Allah babu ita, kuma ban riga na miƙa mata ba. Har gida na je ba da haƙuri, na mayar da kuɗinta, amma suna ba a sake shi. Abin da ya fi ci mini rai, ina mayar da sauran kayana cikin na'urar fanka ta ɗora daga inda ta tsaya. Yaron shagona ne ya buɗe htop, ɗan'uwan top, ya nuna mini baloo_file_extractor zaune a sama. Ashe batirina ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta na'urar sai ta mutu yana tsakar rubuta fihirisa, in an kawo ya sake kama aiki, ga tulin hotuna da bidiyon biki da ba sa ƙarewa. Maganin bai ci ko naira ɗaya ba. Muka rubuta balooctl purge ya share tsohuwar fihirisar, muka shiga System Settings wajen File Search muka cire foldar aiki, muka ce sunayen fayil kawai zai riƙa kamawa, ban da abin da ke cikinsu. Shiru kake ji. Don haka ƙanwata, duk wanda ya ce miki fomat bai duba abin da ke cin furosesa ba, ɗauki na'urarki ki fita. Kuma yau ɗin nan ki kwafe furojet ɗinki a filashi.

Hajiyar Malali: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba, Malam.

Mai Gyara na Kawo: Amin. Sai dai Oga, kar a yi mana kuɗin goro. Mutane na kawo na'ura su ce yau suke so, in ka ce a bar ta ka bincika sai su ga kamar ba ka iya ba.

Mai Hoto na Barnawa: Ban ce duka ba. Amma minti nawa buɗe top zai ci?

Ɗan Rigasa: Da Windows kuka riƙe da duk ba a yi haka ba.

Injiniyan Kakuri: Kai kuma! Ba ka taɓa ganin Antimalware Service Executable ya riƙe na'ura ba? Ko SearchIndexer? Kowane gida da nasa. Ga shi Windows 10 an daina ba shi tallafi tun 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin na'urorin da muke saye na hannu kuma da yawa ba sa cika sharuɗɗan 11.

Ɗan Rigasa: Tawa na aiki lafiya lau.

Hajiyar Malali: Taka da sai an jingina ta da bango take tsayuwa? 😂

Ɗan Rigasa: Hajiya, a rufa asiri mana.

'Yar Unguwar Rimi: Na kashe shi a System Monitor, ya dawo da kansa.

Injiniyan Kakuri: Zai dawo, tsarin ne ke sake tayar da shi. In yau kika zuba littattafan, ki sa caji ki ƙyale shi ya gama, tracker3 status zai nuna miki ko yana ci gaba. In ya kwana biyu a haka, to ya maƙale a kan wani lalataccen fayil ko fihirisar ta ɓaci. Sai ki rubuta tracker3 reset --filesystem. Fihirisar kawai yake sharewa, wadda ke cikin .cache/tracker3, ba ya taɓa takardunki. Bayan nan ki ƙirƙiri fayil marar komai a ciki mai suna .trackerignore a foldar littattafan, zai tsallake ta gaba ɗaya.

Mai Gyara na Kawo: Ni rufe shi nake yi dungurungum wa kwastomomi: systemctl --user mask tracker-miner-fs-3.service, da na extract ɗin.

Injiniyan Kakuri: A'a, ban goyi bayan wannan ba ga ɗaliba. Neman fayil zai yi rauni, gobe ta nemi babi na uku ta rasa ta ce zaure ne ya ɓata mata na'ura. A fara da mai sauƙi.

Mai Gyara na Kawo: Mai ram 4 da tsohon faifai mai juyawa, gara neman ya yi rauni da ta kasa buɗe komai.

Ɗan Tudun Wada: Akwai SSD 256 da ram 8 masu kyau, mai so ya yi mini magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Talla ranar Asabar ce, Malam. An sha faɗa.

Malamin Mando: Tun da ana maganar, ni gnome-shell ne, mai tafiyar da fuskar allon, da kansa ke hawa sama, ba tracker ba.

Injiniyan Kakuri: Malam, kayan adon da ka ƙara ne galibi. Buɗe Extensions ka kashe su duka, ka fita ka sake shiga, sannan ka riƙa kunna su ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin. Masu nuna saurin intanet da zafin na'ura a saman allo su nake fara zargi, don ba sa hutawa.

Hajiyar Malali: Ni dai Linux Mint mai Xfce, fuska marar nauyi, ɗana ya sa mini, ban taɓa jin fanka ba.

Mai Hoto na Barnawa: Hajiya, ku ma kuna da tumblerd, mai haɗa ƙananan hotunan kan fayil. Ki buɗe foldar da bidiyo ke kan sauka a cikinta ki gani.

'Yar Unguwar Rimi: Na yi na Injiniya. Ya sauko zuwa 3, fanka ta lafa, amma har yanzu akwai ɗan zafi ta gefen hagu.

Ɗan Rigasa: Ba na ce ƙura ba? Tun farko na faɗa!

Mai Gyara na Kawo: Wannan kam yana iya yin gaskiya, hunturun Kaduna ba ya barin fanka. Ki daina ɗora ta a kan katifa, ramukan iskar a ƙasa suke. Ki kawo ta in buɗe a gabanki.

Malamin Mando: Injiniya, na kashe su duka amma sandar gumakan da ke gefen allo ta ɓace. Yaya zan dawo da ita?

Injiniyan Kakuri: Ubuntu Dock ka haɗa da shi, kunna wannan kaɗai. An kira Magariba, in na dawo mu ci gaba.